Mai Ofis da Mai Fili: Branch Rickey da Sha'anin Gudanar da Ƙungiyar Besbol a Amurka

Gabatarwa

Idon 'yan kallo a kan 'yan wasa yake. Su ake yi wa tafi in an ci, su ake yi wa ihu in an faɗi. Amma kafin ɗan wasa ya sa ƙafa a fili akwai wanda ya zauna a ofis ya yanke shawarar a ɗauke shi, ya yanka masa albashi, ya kuma riƙe ikon sallamarsa a duk ranar da ya ga dama. Wannan lacca ta shafi irin wannan mutum ne, watau mai gudanar da ƙungiyar wasa daga bayan tebur. Za a ɗauki misalin mutum ɗaya, Branch Rickey, wanda ya rayu daga 1881 zuwa 1965, ya kuma shugabanci ofisoshin manyan ƙungiyoyin besbol uku a Amurka, na St. Louis da Brooklyn da Pittsburgh.

Besbol ba sanannen wasa ba ne a ƙasar Hausa, amma abin da ke cikin tarihin Rickey ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa riƙe fayil ko yake shirin riƙewa. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, hikimar wannan mutum guda ɗaya ce tun daga farko har ƙarshe: ya iya hango amfani a inda abokan takararsa ba su duba ba, ya kuma riga su zuwa tun abin yana da araha. Da wannan hikima ya tara ɗaruruwan samari a ƙarƙashin ikonsa a kan albashi ƙanƙane, da ita kuma ya buɗe wa baƙar fata ƙofar da aka rufe musu shekara sittin. Wanda yake son ya yi wa Rickey adalci dole ya dubi ayyukan nan biyu tare.

Yadda Wasan Yake da Yadda Ake Mulkinsa

A taƙaice, ƙungiya biyu ke karawa, kowace da mutum tara a fili. Mai jifa na wannan ɓangare yana wurga ƙwallo, mai bugu na wancan ɓangare yana ƙoƙarin make ta da kulki. In ya dace, sai ya ruga yana bin zango huɗu da aka jera a fili, in ya kewayo ya dawo inda ya tashi ƙungiyarsa ta sami maki ɗaya. In an fitar da masu bugu uku sai a yi musayar matsayi, haka har zagaye tara. A zamanin Rickey manyan ƙungiyoyi 16 ne, takwas a Rukunin Ƙasa, takwas a Rukunin Amurka, kowace tana yin wasa 154 a shekara. Wadda ta zo ta ɗaya a wannan rukuni takan kara da ta ɗaya a wancan, a gasar da suke kira Gasar Duniya, ko da yake ba ta wuce iyakar ƙasarsu ba a lokacin.

Yawan wasannin nan shi ya sa ofis ya ke da muhimmanci ƙwarai. Sa'a tana iya ba ƙungiya nasara a yini ɗaya, amma ba ta iya ɗaukar ta wata shida. Sai ƙungiyar da ta tanadi mutane, wadda in wannan ya ji rauni akwai mai maye gurbinsa. Saboda haka aikin ya rabu biyu. Akwai mai horarwa, wanda yake tare da 'yan wasa a fili yana tsara wa zai yi jifa yau. Akwai kuma babban manaja a ofis, wanda ke nemo 'yan wasan, ya saya, ya sayar, ya yi musaya, ya lura da kuɗin shiga da na fita.

Ƙarfin mai ofis ya dogara ne a kan wani sharaɗi da masu ƙungiyoyi suka ƙago tun 1879, wanda za a iya kira sharaɗin riƙo. Ma'anarsa ita ce, in ɗan wasa ya sa hannu a kwantaragin wata ƙungiya, to ko wa'adin ya cika ƙungiyar tana da ikon sabunta shi, kuma babu wata ƙungiya da za ta taya shi. Ko dai ya karɓi abin da aka ba shi, ko ya bar sana'ar. Ita kuwa ƙungiyar tana iya sayar da kwantaraginsa ga wadda ta so ba tare da ta shawarce shi ba. A 1922 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci cewa dokokin hana babakere a kasuwanci ba su hau kan besbol ba, abin da ya ƙara wa masu ƙungiyoyi ƙarfin gwiwa. Duk abin da Rickey ya gina, a kan wannan harsashi ya gina shi.

Daga Fili Zuwa Ofis

An haifi Wesley Branch Rickey a ƙauye cikin jihar Ohio ranar 20 ga Disamba 1881, a gidan manoma masu riƙo da addinin Kirista na ɗariƙar Methodist. Tsananin riƙon nan ya sa bai yarda ya je filin wasa ranar Lahadi ba, ko a lokacin da yake ɗan wasa, ko bayan ya zama shugaba, ko da yake bai ƙi kuɗin da ƙofa ta tara a ranar ba. Ya yi karatu a Jami'ar Ohio Wesleyan, daga baya ya karanta shari'a a Jami'ar Michigan. A fili bai yi fice ba. Aikinsa shi ne cafke ƙwallo a bayan mai bugu da hana masu gudu satar zango, watau tsallakawa zuwa zango na gaba ba tare da an buga ƙwallo ba. A wani wasa cikin 1907 abokan karawa suka yi masa wannan sata har sau 13.

Ya shiga ƙungiyar Cardinals ta St. Louis a 1917 yana shugaba, daga 1919 kuma ya haɗa da aikin horarwa. A nan ma bai gamsar ba, domin yakan tara 'yan wasa gaban allo yana yi musu dogon bayani kamar a aji, su kuwa yawancinsu ba su saba da haka ba. A 1925 mai ƙungiyar, Sam Breadon, ya cire shi daga horarwa ya naɗa Rogers Hornsby, ya bar masa ofis kaɗai. Rickey ya ɗauki abin a matsayin wulaƙanci. Amma a shekara ta gaba, 1926, Cardinals suka ci Gasar Duniya karo na farko a tarihinsu, da 'yan wasan da yawancinsu shi ya tara.

Gandun 'Yan Wasa

Matsalar da Rickey ya tarar a St. Louis ita ce talauci. A wancan zamani ƙananan ƙungiyoyin garuruwa cin gashin kansu suke yi. Su ke tsinto yara su horar da su, in yaro ya nuna sai su sayar wa babbar ƙungiyar da ta fi tayi. A irin wannan kasuwa mai kuɗi ke cin moriya. A ƙarshen 1919 ƙungiyar Yankees ta Niyu Yok ta sayi Babe Ruth shi kaɗai daga Boston a kan dala 100,000. Cardinals kuwa da kyar suka harhaɗa dala 10,000 suka sayi mai jifa Jesse Haines. Abin da ya fi ɓata wa Rickey rai shi ne, in mutanensa suka gano yaro mai kyau ya je tayi, sai mai ƙaramar ƙungiyar ya sanar da mawadata cewa Rickey yana so, nan take su ɗaga farashi su ɗauke. Idonsa ya zama yana yi wa wasu aiki kyauta.

Dabarar da ya ɓullo da ita ita ce, tun da ba zai iya sayen amfanin gona a kasuwa ba, to bari ya mallaki gonar. A 1920 Cardinals suka sayar da tsohon filinsu suka koma haya a filin maƙwabtansu, Browns. Da abin da ya rage bayan biyan bashi aka shiga sayen hannun jari a ƙananan ƙungiyoyi, kamar ta Fort Smith da ta Houston da ta Syracuse. Sannu a hankali aka ƙara da Rochester da Columbus da Sacramento. Zuwa 1940 ƙananan ƙungiyoyin da ke ƙarƙashin Cardinals sun haura 30, da ɗaruruwan 'yan wasa. Amurkawa da kansu gona suka kira wannan tsari, amma kalmar gandu ta fi dacewa da shi a Hausa, domin kowa yana noma ne amma rumbu na mutum ɗaya ne.

Yadda gandun ke aiki shi ne, ana aika masu neman 'yan wasa ƙauyuka da ƙananan garuruwa, ana kuma kiran taron gwaji inda samari da yawa kan hallara. Abin da Rickey ya fi so a duba shi ne gudu da ƙarfin hannu, domin a ganinsa sauran ana iya koyarwa. Wanda aka zaɓa sai a sa shi a mataki na ƙasa a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, yana hawa mataki-mataki, ana koya masa wasa iri ɗaya a ko'ina, ana kuma aiko da rahoto a kansa zuwa ofis. Ƙa'idar Rickey ita ce daga cikin yawa ake samun nagari. Misali mafi kyau shi ne Stan Musial, wanda aka ɗauka a matsayin mai jifa, ya ji ciwo a kafaɗa a 1940. Da a ƙaramar ƙungiya mai zaman kanta yake, mai yiwuwa da an sallame shi. Sai aka mai da shi mai bugu, ya hau babbar ƙungiya a 1941, ya zama ɗaya daga cikin gwanayen wasan na kowane zamani.

Sakamakon ya bayyana a fili. Cardinals suka zo na ɗaya a rukuninsu a 1926 da 1928 da 1930 da 1931 da 1934 da 1942, suka ci Gasar Duniya a huɗu daga cikin waɗannan shekaru. Bugu da ƙari, rarar 'yan wasan da ba su da gurbi sai a sayar wa wasu ƙungiyoyi, Rickey kuma yana da kaso a cikin ribar. Ya shahara da sayar da ɗan wasa tun kafin kowa ya lura ya fara gangara. A 1938 ya sayar wa Cubs ta Shikago fitaccen mai jifa Dizzy Dean a kan dala 185,000 da 'yan wasa uku, alhali hannun Dean ya riga ya lalace tun bara. Ganin haka sauran ƙungiyoyi suka kwaikwayi tsarin, har da Yankees, waɗanda suka fara nasu gandu a 1932.

Akwai wanda bai yarda da wannan tsari ba, watau Kenesaw Mountain Landis, tsohon alƙalin da aka naɗa Kwamishinan besbol a 1920. A ganinsa gandu yana binne yara masu hazaƙa a ƙananan ƙungiyoyi, waɗanda da a sake suke da wata babbar ƙungiya ta ɗauke su. Yana kuma mai da wasan ƙananan garuruwa wasan banza, tun da ana iya janye gwaninsu a tsakiyar shekara. A 1938 bincikensa ya gano cewa Cardinals suna da hannu a asirce a cikin ƙungiya fiye da ɗaya a rukuni ɗaya, sai ya 'yanta 'yan wasansu fiye da 70. Hujjar Rickey ita ce, a shekarun karayar tattalin arziki da suka biyo bayan 1929 ƙananan ƙungiyoyi da yawa sun rushe, kuma kuɗin manyan ƙungiyoyi ne ya raya waɗanda suka tsira. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Sai dai ga yaron da ya shekara shida a gandu yana jiran gurbin da ba zai samu ba, zancen Hausawa ne ya tabbata, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Brooklyn da Shingen Launin Fata

A ƙarshen 1942 Rickey ya rabu da Breadon ya koma ƙungiyar Dodgers ta Brooklyn, wani yanki na birnin Niyu Yok, a matsayin shugaba kuma babban manaja. Yanzu kowa yana da gandu, saboda haka tsohuwar dabara ba ta isa ta ba shi fifiko ba. Sai ya dubi inda babu wanda ya yarda ya duba. Tun bayan Moses Fleetwood Walker da ɗan'uwansa, waɗanda suka yi wa Toledo wasa a 1884, ba a sake ganin baƙar fata a manyan ƙungiyoyi ba. Babu rubutacciyar doka a kan haka, fahimtar juna ce kawai tsakanin masu ƙungiyoyi. Baƙaƙen fata suka kafa nasu rukunai, na farko mai ɗorewa shi ne wanda Rube Foster ya kafa a 1920, kuma duk mai ido ya san akwai gwanaye a cikinsu.

Rickey yakan ba da labarin abin da ya fara taɓa zuciyarsa. Lokacin da yake horar da 'yan wasan jami'arsa a farkon ƙarni, an hana wani ɗalibinsa baƙar fata mai suna Charles Thomas ɗaki a wani masauki a garin South Bend, ya kuma ga yadda abin ya sa saurayin kuka. Babu dalilin ƙaryata wannan labari. Amma ya kamata a lura cewa ya yi shekara 25 tare da Cardinals a St. Louis, inda ake ware wa baƙar fata wurin zama dabam a filin wasa, bai motsa ba. Abin da ya sake a Brooklyn shi ne yanayi. Landis, wanda a zamaninsa shingen bai girgiza ba, ya rasu a Nuwamba 1944. A 1945 jihar Niyu Yok ta kafa dokar hana nuna bambanci wajen ɗaukar ma'aikata. Sojoji baƙar fata suna dawowa daga Yaƙin Duniya na Biyu, jaridun baƙar fata kuma, musamman Pittsburgh Courier ta hannun Wendell Smith, sun daɗe suna matsa lamba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gwanintar Rickey ita ce ya riga kowa ganin tsagar.

Yadda ya tafiyar da al'amarin darasi ne a sha'anin gudanarwa. Da farko ya nemi amincewar masu hannun jari a asirce. Sa'an nan ya baza masu nema da sunan wai zai kafa wata ƙungiyar baƙar fata a Brooklyn, har su kansu yawancinsu ba su san manufar ba. Bai tsaya ga neman wanda ya fi kowa iya wasa ba, ya binciki halin kowane ɗaya. Wanda ya zaɓa shi ne Jackie Robinson na ƙungiyar Monarchs ta Kansas City, ɗan shekara 26, wanda ya yi karatun jami'a a Kalifoniya tare da fararen fata, ya yi hafsa a soja, kuma a 1944 aka gurfanar da shi a kotun soja bayan ya ƙi komawa kujerar baya a cikin bas, kotun ta wanke shi. Ranar 28 ga Agusta 1945 suka gana a ofishin Rickey na tsawon kusan awa uku. Rickey ya riƙa kwaikwayon akawun masauki mai korar baƙo da ɗan wasa mai zagi, yana jefa masa munanan kalmomi don ya ga yadda zai ɗauka. Sharaɗinsa shi ne Robinson ya yi alkawarin ba zai rama ba a shekarun farko, domin faɗa ɗaya ya isa ya ba masu adawa hujjar da suke nema. Robinson, wanda ba haƙuri ne halinsa ba, ya amince.

Ba a kai shi Brooklyn kai tsaye ba. Ranar 23 ga Oktoba 1945 aka bayyana cewa ya sa hannu da Montreal, babbar gonar Dodgers da ke Kanada, inda wariya ba ta kai ta Amurka ba, a kan dala 600 a wata da kyautar dala 3,500. Rickey ya ɗauki nauyin Wendell Smith ya riƙa yi masa rakiya yana nema masa masauki. A 1946 Robinson ya fi kowa bugu a rukunin da Montreal take. A farkon 1947 aka kai horon share fage Havana ta ƙasar Kuba don a kauce wa dokokin wariya na jihar Florida. Da wasu 'yan wasa, yawancinsu 'yan kudu, suka fara tara sa hannu cewa ba za su yi wasa da shi ba, mai horarwa Leo Durocher ya tsawata musu, Rickey kuma ya kira su ɗaya bayan ɗaya ya shaida musu cewa wanda ba ya so za a sayar da shi. Aka kuwa yi musayar wasunsu, har da Dixie Walker, wanda 'yan kallon Brooklyn ke ƙauna ƙwarai. Abin lura a nan shi ne, sharaɗin riƙon nan da ke danne ɗan wasa shi ne sandar da Rickey ya karya tawayen da ita.

Ranar 15 ga Afrilu 1947 Robinson ya fito a filin Ebbets. Ya sha zagi, an riƙa auna jikinsa da ƙwallo, an aiko masa da wasiƙun barazanar kisa, bai rama ba. Dodgers suka zo na ɗaya a rukuninsu, aka zaɓe shi gwarzon sababbin 'yan wasa na shekara, a 1949 kuma gwarzon rukunin baki ɗaya. Roy Campanella da Don Newcombe suka biyo bayansa. Daga 1949 zuwa 1959, cikin shekara 11, baƙar fata ne suka karɓi kyautar gwarzon Rukunin Ƙasa sau tara. Wannan lissafi ya isa ya nuna irin dukiyar da masu ofis suka yi shekara sittin suna tsallakewa. Ya kuma kamata a tuna cewa abin ya faru ne kafin Shugaba Truman ya ba da umurnin kawar da wariya a soja a 1948, kuma shekara bakwai kafin Kotun Ƙoli ta haramta wariya a makarantun gwamnati a 1954.

Waɗanda Suka Biya

Akwai wani shafi na wannan labari da ba a cika karantawa ba. Rickey bai biya Monarchs ko sisi ba a kan Robinson, haka kuma bai biya ƙungiyar Eagles ta Newark ba a kan Newcombe. Hujjarsa ita ce rukunan baƙar fata ba su da tsari na gaskiya ko kwantaragi ingantacce. Wannan magana ta fito ne daga bakin mutumin da ya yi arziki da tsarkin kwantaragi. Masu waɗannan ƙungiyoyi suka rasa yadda za su yi, domin in sun kai ƙara za a ce su ne suka tare wa ɗan'uwansu hanya. Effa Manley, wadda ke gudanar da Eagles, ita ce ta fi kowa ɗaga murya. Albarkacin tsayuwarta, da Bill Veeck na Cleveland ya zo ɗaukar Larry Doby a Yuli 1947, ya biya ta dala 15,000 jimla, kuɗin da bai kai darajar Doby ba amma ya kafa misali.

Su ma sauran masu manyan ƙungiyoyi da suka yi adawa, lissafin aljihu suke yi. Wani rahoto da kwamitinsu ya shirya a 1946 ya ambata cewa Yankees kaɗai suna samun kusan dala 100,000 a shekara daga hayar da ƙungiyoyin baƙar fata ke biya don yin wasa a filayensu. Da 'yan kallo baƙar fata suka koma kallon Robinson, kasuwar waɗannan ƙungiyoyi ta mutu. Rukunin da Eagles take ciki ya watse bayan 1948. 'Yan wasa kaɗan ne suka haye, da yawa sana'arsu ta ƙare. Waɗanda ba su haye ba ko kaɗan su ne mutanen ofis: masu ƙungiyoyi, manajoji, masu horarwa, akawuna. An buɗe wa baƙar fata fili, ofis ya zauna a rufe. Sai a 1975 Frank Robinson ya zama baƙar fata na farko da ya shugabanci horar da babbar ƙungiya, a Cleveland. Jackie Robinson bai ga wannan rana ba. A fitowarsa ta ƙarshe gaban jama'a, cikin Oktoba 1972, abin da ya roƙa ke nan, ya rasu bayan kwana tara.

Ƙarshen Zamani

Rickey ya bar wasu abubuwa a Brooklyn. A 1947 ya ɗauki Allan Roth aikin tattara alƙaluman wasa, abin da babu ƙungiyar da ta taɓa ware wa ma'aikaci na dindindin. Binciken nasu ya nuna cewa yawan isar ɗan wasa zango, ta kowace hanya, ya fi yawan bugunsa nuna amfaninsa. Sai bayan rabin ƙarni wannan ra'ayi ya sami karɓuwa sosai, lokacin da Billy Beane na Oakland ya ci wasa 103 a 2002 da kimanin sulusin kuɗin da Yankees suka kashe wajen albashi. A 1948 kuma Rickey ya mai da wani tsohon sansanin sojan ruwa a Vero Beach makarantar horar da dukan 'yan gandun Dodgers wuri ɗaya.

Duk da haka mai ofis ma yana da na gaba da shi. A 1950 abokin hannun jarinsa Walter O'Malley ya matsa masa har ya sayar da rabonsa, kashi ɗaya cikin huɗu, a kan dala 1,050,000, ya koma Pirates ta Pittsburgh. A can tsufa da rashin kuɗi suka haɗu masa. A 1952 ƙungiyar ta faɗi wasa 112. A wannan shekara Ralph Kiner ya cika shekara bakwai a jere babu wanda ya fi shi buga ƙwallo waje da fili a rukunin, amma Rickey ya rage masa albashi, yana mai cewa tun da sun zo na ƙarshe tare da shi, suna iya zuwa na ƙarshe ba shi. Dodgers suka ci Gasar Duniya a 1955, Pirates a 1960, kowace da 'yan wasan da ya tara, ciki har da Roberto Clemente da ya ɗauko wa Pirates a 1954 a kan dala 4,000, kowace kuma bayan ya bar kujerar. Ya rasu ranar 9 ga Disamba 1965.

Harsashin da ya yi gini a kai bai daɗe bayansa ba. A 1966 ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa ta ɗauki Marvin Miller shugaba. A 1969 Cardinals, tsohuwar ƙungiyar Rickey, ta yi musayar Curt Flood zuwa Philadelphia. Flood, baƙar fata ne da ya shigo ta ƙofar da Rickey ya buɗe, ya ƙi tafiya, ya rubuta wa Kwamishina cewa shi ba kaya ba ne da za a saya a sayar. Ya kai ƙara har Kotun Ƙoli, ya faɗi a 1972 da ƙuri'a biyar da uku, sana'arsa kuma ta ƙare. Amma a Disamba 1975 mai sasantawa Peter Seitz ya yanke cewa sharaɗin riƙo shekara ɗaya kawai yake ba ƙungiya, ba har abada ba. A yarjejeniyar 1976 ɗan wasan da ya cika shekara shida ya sami ikon zaɓen inda zai yi aiki.

Kammalawa

An daɗe ana muhawara ko imani ne ya sa Rickey ya ɗauki Robinson ko kuwa riba. Abin da tarihin ya nuna shi ne shi kansa bai raba su ba, kuma da ya raba su mai yiwuwa da aikin bai ɗore ba, domin nasarar Dodgers a fili ita ta tilasta wa sauran ƙungiyoyi bin sawu, har Red Sox ta Boston, wadda ta ja ƙafa zuwa 1959. Kyakkyawar niyya ta sami ma'aikaci mai bincike, mai sirri, mai shirya wa kowace matsala magani tun kafin ta zo. Wannan shi ne abin koyi ga ɗalibi da ma'aikaci.

Abin tsoro kuwa shi ne, mai ofis yakan ƙirga abin da ya shiga littafinsa ne kawai. Yaron da ya tsufa a gandu bai shiga lissafin Rickey ba, haka Effa Manley da ma'aikatanta, haka kuma abin da haƙurin dole ya ci a jikin Robinson, wanda ya rasu yana da shekara 53. A 1967 aka sa sunan Rickey a zauren tunawa da gwanayen besbol. A 1997 aka jingine lamba 42 ta Robinson a dukan manyan ƙungiyoyi. Effa Manley sai a 2006 aka shigar da ita wancan zaure, mace ta farko, shekara 25 bayan rasuwarta. Sai kuma a 2020 hukumar wasan ta yarda cewa rukunan baƙar fata na 1920 zuwa 1948, waɗanda Rickey ya ce ba su da tsarin da za a biya su diyya, manyan rukunai ne daidai da nasa.